Jaki, Gawayi da Kananzir: Yadda Ake Koyon Zanen Fenti a Zariya

Duk wanda ya leƙa ɗakin zanen fenti na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, hancinsa ne zai fara ba shi labari. Warin kananzir da na man fenti sun kama bango, sun kama rigunan ɗalibai, sun bi su har ɗakin kwana. Daɓen ɗakin duk ɗige-ɗigen launi ne, na bana a kan na bara. Babu jerin kujeru masu fuskantar allo kamar yadda aka saba a sauran azuzuwa. Abin da ke akwai shi ne dogayen katakai masu ƙafa uku da ake kafa zane a jikinsu, sai wani siririn benci da ɗalibi ke hawa ya ware ƙafafu, ya jingina allon zanensa a gabansa. Sunan da Turawa suka ba wannan benci jaki ne, kuma a kansa sabon ɗalibi ke cinye mafi yawan shekararsa ta farko.

A gidaje da yawa ana ɗaukar zane a matsayin baiwa kawai. Yaro ya iya zana fuskar Sardauna a bangon shago tun yana sakandare, to me kuma za a koya masa har shekara huɗu? Tambayar ba ta rashin hankali ba ce, amma amsarta na bayyana tun makon farko, ranar da malami ya ajiye ƙwarya, tulu da kwalba a kan tebur, ya yafa wani ƙyalle a bayansu, ya ce a zana.

Nan ne gwanin unguwa ke fara gumi. Ya san bakin ƙwarya da'ira ne, don haka hannunsa zai zana da'ira. Amma daga inda yake zaune, bakin ƙwaryar ya shafe, ya koma kamar ƙwai a kwance. Ya san tulu ya fi kwalba girma, sai ya cika takardar da tulu, alhali kwalbar ce ta fi kusa da shi. Abin da ya sani ya rufe masa abin da yake gani. Aikin shekarar farko kusan duka na warware wannan ne. Ana koya masa ya miƙe hannu sosai riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon kwalbar da babban yatsansa, sannan ya duba sau nawa wannan tsawo ya shiga faɗin tulun. Ana sa shi ya zana sararin da ke tsakanin abubuwan ya bar abubuwan kansu. Ana ba shi jingar ya yi matakalar duhu, daga farin takarda zuwa baƙi ƙirin, mataki tara ko goma, kowanne ya ɗara na bayansa kaɗan, da fensir ɗaya ko ɗan guntun gawayi. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce wasa ne. Mafi yawan ɗalibai a mataki na biyar suke kaiwa baƙi, sai su tarar sauran gidajen ba abin da za su zuba a ciki.

Har a wannan lokaci ba a ba shi burushi da fentin mai ba. Fensir ne da gawayi da tawada, sai littafin zane da ake so ya riƙa yawo da shi ko'ina. Malamai kan ƙayyade yawan shafukan da za a cika kafin mako ya zagayo, shi ya sa ake ganin ɗaliban sashen zane a kasuwar Samaru, a tashar mota, a gindin mai shayi, suna satar kallon jama'a suna ƙyasta fensir. Mai tallan rake ba zai tsaya wa kowa ba. Ko dai ka kama karkatar wuyansa a cikin daƙiƙa talatin, ko ya wuce.

Darasin nisa da kusa kuwa, wato yadda ake sa shimfiɗaɗɗiyar takarda ta yi zurfi, ƙa'idarsa tsohuwa ce. Wani ɗan Italiya, Leon Battista Alberti, ya rubuta ta a littafi tun 1435. Ɗalibin Zariya ba ya bukatar zuwa Italiya ya gane ta: ya tsaya a tsakiyar layin dogo ya dubi gaba, zai ga ƙarafa biyun da ba sa taɓa haɗuwa sun haɗe a wuri guda can inda sama ta taɓa ƙasa.

Darasin da ya fi kowanne cin rai shi ne zanen jikin mutum. Ana ɗaukar wani haya ya zauna ko ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ɗalibai su kewaye shi a kan jakunansu, wani lokaci minti biyar, wani lokaci awa uku da ɗan hutu a tsakani. Akwai ma'aunai da ake haddacewa. Tsawon baligi kusan kansa bakwai da rabi ne. Idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da goshi ba kamar yadda yara ke zanawa. Tafin hannu da yatsu kusan tsawon fuska ne daga haɓa zuwa goshi. Sai dai ma'auni na taimakawa ne muddin mutum na tsaye ƙiƙam. Da zarar ya miƙo hannu wajen mai zane, dogon hannun nan ya dunƙule ya gajarce, tafin ya yi girma kamar faifai, kuma dole a zana shi haka, ko da zuciya na cewa ba daidai ba ne. Hannu da ƙafa su ne ke tona asirin ɗalibi. Malami mai ido, da ya ga an cusa hannayen mutum a aljihu ko an ɓoye ƙafafunsa a cikin ciyawa, ya san inda aka gudu.

A Arewa wannan darasi na zuwa da wata tambaya da ba a tsallake ta, ta hukuncin zana abu mai rai. Hadisan da suka yi gargaɗi a kai sanannu ne, kuma malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da hoton da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle. Kowane ɗalibi Musulmi da gidansu kan tsaya a inda zuciyarsu ta natsu. Wasu na yin darasin a matsayin koyo, daga baya su karkata ga zanen gari da daji, ko rubutun Larabci, ko zanen da ba ya kwaikwayon surar komai. Wannan karkata ba raguwa ba ce ga mai fasaha. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan ya ƙware a zanen Turawa, ya koma Khartum ya tarar aikinsa bai taɓa zukatan mutanensa ba. Sai ya waiwayi haruffa da allon da ya tashi yana gani a makarantar mahaifinsa, ya gina salonsa a kansu. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya shirya nunin aikinsa na tsawon rayuwa.

Launi kan shigo sosai bayan an ɗan gyara ido. Ana farawa da uku, ja da shuɗi da rawaya, a ce ɗalibi ya fitar da sauran daga cikinsu: rawaya da shuɗi su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan goro, ja da shuɗi su ba da shunayya. Sannan a nuna masa cewa kowane launi na da kishiya. Ja kusa da kore ƙara ƙuna yake, amma in aka gauraya su sai su kashe juna su koma ruwan ƙasa. Wata jinga da malamai ke so ita ce a zana hoto guda da launi ɗaya tak da fari, don kada kyan launi ya rufe raunin haske da inuwa. Wata kuma ita ce a hana ɗalibi baƙin fenti gaba ɗaya. Sai ya gano da kansa cewa inuwar da ke kan farin bango da hantsi ba baƙa ba ce, shuɗi-shuɗi ce, ta la'asar kuma tana jan shunayya.

Fatar mutum ma haka. Kamfanonin Turai sun daɗe suna sayar da wani fenti da suka yi wa laƙabi da launin fata, mai ruwan hoda, wanda ba ya kama da kowa a kasuwar Sabon Gari. Ɗalibin Zariya da kansa yake haɗa nasa daga jar ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi, kuma in ya zura ido zai ga abin da bai taɓa lura da shi ba duk rayuwarsa: goshin baƙin mutum a waje yana ɗaukar shuɗin sama, kumatunsa na ɗaukar jan rigar da ya sa. Ranar da ɗalibi ya ga wannan da idonsa, ba don an faɗa masa ba, ranar ce karatunsa ya fara kama ƙasa.

Kayan aikin kansu darasi ne. Fentin ruwa garin launi ne da aka ɗaure da ƙaro, ƙaron nan dai na ɗakwara da ake tsinka a Borno, Yobe da Jigawa, da Chadi da Sudan, wanda almajiri ke zubawa a tawada don ta kama allo. A fitar da shi waje a buhu, ya dawo a cikin ɗan akwati mai tsada. Fentin ruwa ba ya yafe kuskure, domin farinsa farin takarda ne, in an rufe shi ya tafi ke nan. Fentin mai kuma garin launi ne a cikin man 'ya'yan wani tsiro da ake kira linsid. Ba bushewa yake irin ta wanki ba, iska ce ke daskarar da man sannu a hankali, shi ya sa yake ɗaukar kwanaki kafin a iya taɓa shi, kuma akan jira wata shida ko fiye kafin a shafa masa banish. Yana da doka guda da ba a karyawa: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa daskarewa, bayan 'yan shekaru hoton ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Akirilik, wanda ya bazu daga shekarun 1950, da ruwa ake sirka shi kuma cikin mintuna yake bushewa. Da hunturu a Zariya ma tun yana kan farantin haɗi yake yin fata, ga ƙura da ke sauka a kan ɗanyen fentin mai ta manne.

Kusan duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Don haka dabara ta zama rabin karatu. Ɗalibi ya je wurin kafinta a haɗa masa firam, ya sayi yadi mai kauri, wato kanbas, a kasuwa, ya ja shi da kansa yana bugawa daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa har ya yi tauri kamar fatar ganga. Ya haɗa farin fentin bango da gam ɗin kafinta ya shafe shi sau biyu ko uku, don kada mai ya ci zaren. Ya wanke burushi da kananzir maimakon tarfentin. Farin fenti shi ne ke fara ƙarewa, shi ne kuma ake yawan ara. Hoton da bai yi kyau ba, a shafe shi da fari a sake wani a kai. Abin takaici a nan shi ne ɗalibin da ke tsoron ɓarnar fenti ba ya sakin hannu, kuma wanda bai saki hannu ba da wuya ya gano iyakar abin da zai iya.

Ranar miƙa jinga ba a tattara takardu a kai wa malami ofis. Jera hotunan ake yi a jikin bango, kowa na ganin na kowa. Malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kira mai shi ya tsaya kusa da aikinsa ya yi bayani, 'yan aji su tofa albarkacin bakinsu. Ana tambayarsa daga ina haske ya shigo, me ya sa dokin ke shawagi ba ya taka ƙasa, me kusurwar nan ta hagu ke yi a hoton. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba zai iya jin an ce ya sake daga farko. Akwai zafi, kuma wani lokaci zafin kan wuce kima har ya kashe wa mai raunin zuciya gwiwa. Amma babu wani littafi da ke maye gurbin wannan zama, domin a nan ne mutum ke ganin mutum ashirin sun kalli tulu ɗaya sun fito da tulu ashirin, ya fara gane wanne ne nasa.

A mafi yawan jami'o'in ƙasar nan sai a shekara ta uku ɗalibi ke zaɓar fanni, ko fenti, ko sassaƙa, ko tarihin fasaha, ko koyar da ita. Wanda ya zaɓi fenti sai jingar ta sauya fuska. An daina ajiye masa ƙwarya a tebur. Yanzu kalma ake ba shi, kasuwa, ko biki, ko ƙaura, a ce ya tsara hoto daga kansa. Nan tambayar ta tashi daga yaya ake zanawa ta koma me za a zana, kuma da wace murya. Wannan tambaya a Zariya aka fara yin ta da ƙarfi a Najeriya.

Sashen zane na Zariya ya girmi jami'ar. An fara shi a Ibadan a 1953 a ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955, shekara bakwai kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma ta makarantun Landan ce, ko da yake akwai 'yar ƙasa a cikinsu, Clara Ugbodaga-Ngu, wadda ita ma a Landan ta yi karatu. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da ake kira Zaria Art Society, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da Simon Okeke. Ba su ƙaurace wa aji ba, ba su ƙi koyon auna jiki da haɗa launi ba. Suna yin jingar malamai da rana, su koma ɗakunansu su yi nasu aikin, lokacin hutu kuma kowa ya je garinsu ya binciko fasahar iyayensa. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, Uche Okeke ya rubuta manufarsu: a ɗauki dabarar da aka koya daga Turai a haɗa ta da gadon gida, haɗin da zai zo da kansa ba na dole ba.

Kowannensu ya bi tasa hanyar. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma bayan yaƙin basasa ya kai wannan salo Jami'ar Nsukka. Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya zana mutanen Legas cikin shuɗi da shunayya har launin ya zama tambarinsa. Abokin karatunsu Jimo Akolo, ɗan Egbe da ke jihar Kogi ta yau, ya zana makaɗan Hausa da mahayan Fulani, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a Zariya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma a sassan zane da yawa a ƙasar nan akwai hannun ɗaya daga cikinsu ko na ɗalibansu.

Ga ɗan Hausa da ke kan jaki a yau, gadon da ake maganar ba shi da nisa. Cikin birnin Zazzau akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da bakan gizonsa da zanen da aka fitar a jikin ƙasa. Akwai adon fuskar gidaje, dagi, aska takwas a wuyan babbar riga, zayyanar Alƙur'ani da allon sauka, sassaƙar ƙwarya, ƙunshin mata, shuɗin baba na marina. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a jami'ar, ya tattara irin waɗannan kaya ya baje kolinsu a Landan a 1976. Sai dai manna dagin Arewa a kusurwar hoto bai isa ba, kuma malami nagari ba ya karɓar wannan. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya gane yadda mai zayyana ke raba fili, yadda maɗinki ke barin wani gefen riga fayau don adon ɗaya gefen ya fito, sannan ya yi tunani da wannan hikima a kan nasa kanbas.

Zariya ba ta tsaya a kan 'yan 1958 ba. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Ghana a 1946, ya yi karatu a sashen ya kuma koyar a can har hatsarin mota ya yi ajalinsa a 1995, kan sirka fentin mai ya tsinke, ya kwarara shi a kan kanbas, ya bar shi ya bi hanyarsa, sannan ya nemo sura a cikin abin da ya fito. Ɗalibai da yawa sun ɗauka sauƙi ne har sai da suka gwada. Wanda bai sha wuyar fensir da gawayi ba, in ya kwarara fenti, kwararren fenti kawai zai samu. Jerry Buhari, ɗan kudancin Kaduna, na cikin waɗanda suka gaji wannan ɗaki suka kai matsayin farfesa a cikinsa.

Batun abinci kuwa, gaskiya ita ce kaɗan ne ke rayuwa da sayar da hoto zalla. Labarin hoton Tutu na Ben Enwonwu, da aka sayar a Landan a 2018 a kan sama da fam miliyan ɗaya, ya sa wasu iyaye sun buɗe kunne, amma irin wannan ba kullum ba ne. Kasuwar hotuna a Legas take, sai Abuja kaɗan. Mafi yawan waɗanda suka gama kan shiga koyarwa, ko zanen littattafai da tallace-tallace a kwamfuta, ko adon gine-gine, ko zana fuskokin masu biki da masu sarauta, su riƙa yin aikin ransu da dare.

Shekarar ƙarshe ta aikin kai ce. Ɗalibi ya zaɓi jigo ɗaya ya zauna a kansa watanni, ya fitar da jerin hotuna da rubutaccen bayani. Wani ya ɗauki hawan daushe, wata ta ɗauki 'yan gudun hijira, wani ya ƙare a kan tsatsar kwanon rufi. A makonnin ƙarshe ɗakin zane ba ya rufuwa, ana kwana a kan tabarma tsakanin hotuna, ana aiki da fitilar waya in an ɗauke wuta, ko da yake launin da aka haɗa da dare sau da yawa da safe sai an gyara shi. Sannan a share ɗakuna, a rataye komai, malami daga wata jami'a ya zo ya zagaya ya ba da maki tare da na gida. 'Yan uwa kan zo kallo, wasunsu ranar ce ta farko da suka ga abin da kuɗin fentin nan ya zama.

Bayan an tashi, manyan hotunan ba sa shiga mota da firam ɗinsu. Sai a zare ƙusoshin, a kwantar da kanbas a ƙasa, a naɗe shi a jikin faffaɗan bututu, fentin yana waje don kada ya karye, a ɗaure da igiya a kai tasha. Katakan firam ɗin kuma akan bar wa 'yan aji uku, su ja sabon yadi a kai.